Babur ɗin Trials

Babur ɗin Trials wani nau'in babur ne marar nauyi da aka ƙera don hawan duwatsu, tsallake kututtukan itace da ratsa ƙoramu. Wasan da ake yi da shi ya samo asali ne a Birtaniya a farkon ƙarni na 20, kuma gasar kwana shida ta Scotland, wadda tushenta ya faro a 1909, tana nan har yau. A wasan ba a duba gudu. Mahayin da ya sa ƙafa a ƙasa ana rubuta masa maki ɗaya na laifi, wanda ya faɗi kuwa maki biyar, mai ƙarancin maki shi ke lashewa.

Nauyin babur ɗin bai cika wuce kilo 70 da ɗoriya ba. Ba shi da wurin zama, a tsaye ake tuƙa shi. Ana rage iskar tayar baya sosai har ta riƙa lanƙwashewa a kan dutse tana kama shi. Kamfanonin Montesa da GasGas na Sifaniya da Beta na Italiya suna cikin manyan masu ƙera shi.

Wasu na shiga daji da shi yawo. A ƙunƙuntar hanya mai tsauri da wuya a sami na biyunsa, amma tankinsa lita uku ne ko ƙasa da haka, ga tsayuwa na gajiyar da ƙafafu. Shi ya sa ake sayar da ƙarin tanki da kujerar da ake ɗaura masa. Doguwar tafiya a miƙaƙƙiyar hanya dai ba aikinsa ba ne.