ZARE: Yadda likitoci suka koyi sake gina nono bayan tiyatar kansa 🧵

1/ Jama'a ku matso. Gwaggona ta ɓoye ƙullutu a nononta kusan shekara, don tsoron kar a yanke. Da aka je asibiti lokaci ya ƙure. Allah Ya jiƙanta. Shi ya sa na bi tarihin nan.

2/ A 1894 likitan Amurka William Halsted ya wallafa salon tiyatarsa: a cire nono gaba ɗaya, haɗe da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Dawowar cutar a wurin ta ragu, amma ƙirji yakan lotsa, hannu ya kumbura.

3/ Gyara kuwa? Halsted bai so ba. Tsoron lokacin shi ne gyaran zai ɓoye cutar in ta dawo. Salonsa ya yi sarauta har shekarun 1970.

4/ Amma fa wasu sun gwada. A 1895 a Jamus, Vincenz Czerny ya cire wa wata mata ƙari a nono, wanda ba kansa ba, ya ɗauko ƙullutun kitse daga bayanta ya cike gurbin.

5/ A 1906 Iginio Tansini na Italiya ya juyo fata da tsokar baya zuwa ƙirji, ba tare da ya tsinke jijiyar jininsu ba. Sirrin kenan: naman da jini ke kaiwa gare shi yana rayuwa. Aka manta da dabarar, sai shekarun 1970 aka farfaɗo da ita.

6/ A 1962 Cronin da Gerow suka fara dasa jakar silikon a Amurka. A 1982 Carl Hartrampf ya gina nono da fata da kitsen cikin matar kanta.

7/ Babban sauyi: a 1981 Umberto Veronesi ya nuna in ƙarin ƙarami ne, cire ɓangare a yi gashi yana ceton rai daidai da cire duka. Kun gane? Zuwa da wuri na iya hana yankewa ma.

8/ A 1998 Amurka ta yi doka: inshorar da ta biya cire nono, ta biya sake gina shi.

9/ A nan gida akwai likitocin gyaran jiki a asibitocin koyarwa, kuɗi ne matsalar. Duk da haka 'yar'uwa, in kin ji ƙullutu ki je asibiti, ki tambaya ko za a iya gyara. Ku tura wa iyayenmu mata.