Ƙera ƙananan motocin yaƙi: daga motar langa-langa zuwa ma'aunin 1/35

Ƙera ƙananan motocin yaƙi sha'awa ce ta kwaikwayon tankar yaƙi, ko motar sulke, ko motar ɗaukar sojoji a ƙaramin siffa, tare da kiyaye daidaiton kowane sashe da na ainihin motar. Aikin ya kasu kashi uku: haɗawa, da fenti, da tsufantarwa, wato sa motar ta yi kama da wadda ta sha rana da ƙura. A ƙasashen waje akan sayi sassan a kwali. A Kano kuwa, sha'awar ta daɗe a hannun yara da matasa, waɗanda ke ƙera komai da abin da aka zubar.

Asalinta a Kano

A unguwanni irin su Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kamar sauran sassan birni, manya da yawa sun taso da motar kara da motar langa-langa. Ta kara ana yin ta bayan girbi: a fere ɓawon karan dawa siri-siri, a soka shi cikin farin cikinsa mai laushi har jikin mota ya tashi. Langa-langa kuwa siririn ƙarfen nan ne da ake ɗaure dilar kaya da shi, wanda ba ya wuya a garin fatauci. Daga baya gwangwanin madara da na tumatir suka shigo, ana yanka tayoyi daga tsohon silifas, marfin kwalba ya zama fitila, doguwar waya ta zama sitiyari.

Yaro yakan kwaikwayi abin da idonsa ya saba gani a titi. Shi ya sa ake samun tirela da tankar mai da a-daidaita-sahu, haka kuma motar sintirin sojoji mai bindiga a baya.

Ma'auni

Abin da ya raba wasan yara da aikin gwanaye shi ne ma'auni. Idan aka ce 1/35, ana nufin an raba kowane tsawo na ainihin motar gida 35. Tankar T-72, irin wadda sojojin Nijeriya ke amfani da ita, ta kai kimanin mita 9.5 har da bakin igwarta, don haka ƙaramarta za ta kai kimanin santimita 27. Sojan da ke tsaye kusa da ita zai zama santimita 5. Akwai kuma 1/48 da 1/72, waɗanda suka fi ƙanƙanta.

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa ma'aunin 1/35 tun farkon shekarun 1960, lokacin da ya fitar da tankar Panther ta Jamus mai tafiya da batir. Kafin nan, kamfanin Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939, ya riga ya shahara da sassan roba masu araha a shekarun 1950.

Waɗannan kamfanoni sun fi karkata ga motocin Yaƙin Duniya na Biyu da na manyan ƙasashe. Mai son ƙera Igirigi, motar sulken da injiniyoyin sojan Nijeriya suka fito da ita a 2012, ko Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, yakan koma ga hanyar gida: hoto, da awo, da kwali ko gwangwani. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia a Jihar Abiya na ajiye da motocin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ciki har da waɗanda aka ƙera a lokacin yaƙin.

Fenti da tsufantarwa

Ana fara goge jikin motar da samfefa, a shafa fentin share fage, sannan a bi da launin asali, kore ko ruwan ƙasa. Shafa mara kauri sau biyu ko uku ta fi shafa ɗaya mai kauri, domin fenti mai kauri yana binne ƙusoshi da layukan ƙofa.

A wajen tsufantarwa ne gwaninta ke bayyana. Ana tsinka baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa, a bar shi ya kwarara cikin lunguna don su yi duhu. Ana goge buroshi har ya kusa bushewa, a wuce da shi a gefuna don su yi haske. Ɗan guntun soso yana fitar da alamun ɓarewar fenti a inda takalmi da hannu suka fi taɓawa. Jar ƙasa da aka tankaɗe tana ba da ƙurar tayoyi, garin gawayi kuma ya ba da baƙin salansa. Ƙa'idar ita ce kowace alama ta kasance da dalili: motar da ta yi aiki a Arewa ƙura da koɗewar rana ne suka fi yawa a jikinta, tsatsa kaɗan ce.

Yanayin Kano yana da nasa hukunci. A lokacin hunturu ƙura na sauka kan ɗanyen fenti, don haka akan kife kwali a kan aikin har ya bushe. Zafin bazara kuma yana lanƙwasa roba idan aka bar ta a rana.

Abin kiyayewa

Gam da tina suna da tururi mai cutarwa, ba a aiki da su a rufaffen ɗaki, ba a kuma bar wa ƙananan yara su. Bakin gwangwani yana yanka, sai an lanƙwashe shi. Ɗaukar hoton motocin soja a bariki ko a shingen bincike na iya jawo matsala. Hotunan da jaridu suka buga sun wadatar.

Matsayinta a yau

Kayan wasan roba masu araha da wayar salula sun rage yawan yaran da ke ƙera nasu. Abin da ke tafiya tare da motar langa-langa ya wuce wasa, domin a nan yaro ke fara sanin awo da yanka da haɗa ƙarfe, abubuwan da mai walda da makanike ke ci da su. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, ya ja hankalin duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da tarkacen motoci da babura. Da yayyafi kogi kan cika, kuma gwangwani da almakashi har yanzu ba su fi ƙarfin kowane gida ba.