Tarihin Tiyatar Rage Teɓa

Ko da yake a yau mutane suna ɗaukar tiyatar rage teɓa a matsayin ado tsantsa, asalinta larura ce, domin likitocin ƙarshen ƙarni na 19 sun fara yanke rarar fata da kitsen ciki ne yayin da suke gyaran cibiyar da ta ɓullo, ko kuwa don sauwaƙa wa mai ƙiba nauyin da ya hana shi sakat. A shekarar 1899 Howard Kelly, likitan mata a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya cire wa wata mace kitse mai nauyin kusan kilo 7, sai dai cibiyar ta tafi tare da abin da aka yanke, alhali ita ce alamar da ɗan Adam ya zo da ita daga mahaifa. Sannu a hankali aka koyi barinta a mazauninta, a huda mata sabuwar kafa bayan an ja fata ƙasa, har likita Ivo Pitanguy na Barazil ya bayyana a 1967 yadda ake ɓoye tabon a ƙasan mara.

Daga nan al'amarin ya koma kasuwa, abin da ni kam yake tayar mini da hankali, musamman in na tuna rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Nijeriya na wancan lokaci, a Sifen cikin Oktoba 2005 bayan tiyatar kwalliya. Fuƙaha'un zamani kuwa sun rarrabe tsakanin kawar da cuta, wanda suka halatta, da sauya halitta don ƙawa kurum, wanda jumhurinsu suka hana.