Tsami da Kanwa a Jinin Ɗan Adam: Darasin Annobar 1952



Duk macen da ta iya girki ta san cewa idan tsami ya yi wa miya yawa, ɗan guntun kanwa ke kashe shi, idan kuma kanwar ta zarce, miya ta ɓaci. To, haka jinin ɗan Adam yake, yana tsaye ne bisa wani ma'auni tsakanin tsami da kishiyarsa, wadda za mu kira kanwa domin sauƙin bayani. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu ga yadda likitoci suka koyi karanta wannan ma'auni, da rayukan da aka rasa kafin su koya.

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Søren Sørensen, ya ƙago ma'aunin da ake kira pH, inda lamba 7 take tsakiya: ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. Jinin mai lafiya ba ya wuce tsakanin 7.35 da 7.45. Gaɓoɓi biyu ke tsaron wannan iyaka. Huhu yana fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda in ta narke cikin jini takan zama tsami, kuma yana gyara cikin 'yan mintoci. Ƙoda kuwa tana zubar da tsami ta fitsari, tana adana gishirin bikabonet, watau kanwar jini, amma aikinta yakan ɗauki kwanaki. Tun 1908 Lawrence Henderson na Amurka ya tsara lissafin dangantakar waɗannan abubuwa, daga baya Karl Hasselbalch ya mai da shi bisa ma'aunin pH. Sai dai ilmin ya daɗe a takarda bai isa gefen gadon majinyaci ba.

Cikin watan Yulin 1952 annobar shan inna ta ɓarke a Kofanhegan, babban birnin Danmak. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cututtuka masu yaɗuwa, yana da na'urar nan da ake kira huhun ƙarfe guda ɗaya tak, da wasu ƙananan na'urori shida. Cikin majinyata 31 na farko da cutar ta shanye musu numfashi, 27 suka rasu. Da aka auna jininsu sai aka ga jimillar kabon dayoksaid ta hau ƙwarai. Da yake yawancin wannan iska a jini tana cikin siffar bikabonet ne, sai likitoci suka yanke cewa kanwa ce ta yi yawa, aka kuma ɗauka cewa cutar ta riga ta ci ƙwaƙwalwa, ba abin da za a yi.

Da al'amari ya tsananta, shugaban asibitin, Farfesa Henry Lassen, ya yarda a kira Bjørn Ibsen, likitan da ke sa majinyata barci lokacin fiɗa. Ibsen ya dubi alamun, watau hawan jini da zufa da sanyin fata, ya gane su, domin ya sha ganinsu ga wanda numfashinsa ya gaza a ɗakin fiɗa. Ya ce an karanta lambar a baibai: iskar ta taru ne saboda huhu ya kasa fitar da ita, don haka jinin ya yi tsami. Poul Astrup, shugaban ɗakin gwaji na asibitin, ya auna pH kai tsaye, ya tabbatar da maganarsa.

Ran 27 ga Agusta aka ba Ibsen wata yarinya 'yar shekara 12 wadda take bakin mutuwa. Aka huda mata maƙogwaro, aka sa bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu yana tura mata iska. Ta rayu. Tun da ba na'urorin da za su yi wannan aiki, sai aka kira ɗalibai. Kimanin ɗalibai 1,500 masu koyon likita da na haƙori suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, kowa zaune gefen gado yana matsa jaka, har tsawon watanni. Yawan mace-mace, wanda ya kusan kai kashi 90 cikin ɗari, ya sauko ƙasa da rabi.

Abin da ya biyo baya ya sake fasalin aikin asibiti. A 1953 Ibsen ya buɗe sashe na musamman na kula da waɗanda ciwonsu ya tsananta, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne na farko a duniya. Astrup kuma ya haɗa kai da kamfanin Radiometer suka ƙera na'urorin auna tsami da iskar jini cikin sauri. Da wannan awo likita ke bambance tsamin da gazawar huhu ta jawo, da wanda ciwon suga ko ciwon ƙoda ya jawo, da na mai kwalara wanda bikabonet ɗinsa ya zube ta zawo, da kuma rinjayen kanwa ga wanda amai ya kwashe masa tsamin ciki. Kowanne da maganinsa daban.

Jama'a, lambar da ɗakin gwajin Blegdam ya fitar daidai take, fassarar da aka yi mata ce ta karkace, kuma mutane suka mutu a kan wannan fassara. Gyaran ya zo ne daga wanda ya dubi majinyaci da idonsa, da shugaban da ya amince ya saurari likitan da ba na sashensa ba. Ɗalibin da zai karɓi takardar gwaji gobe, da ma'aikacin da ake ajiye wa alƙaluma bisa tebur domin ya sa hannu, ya kamata kowannensu ya tambayi abin da aka auna, da yadda aka auna shi, kafin ya yanke hukunci.