Aikin Mishan da Yaƙi da Talauci a Ƙasar Maraɗi

Aikin mishan a ƙasar Maraɗi shi ne wa'azi da ayyukan jinƙai da ƙungiyoyin Kirista na ƙetare suka gudanar a kudancin Nijar tun daga shekarun 1920, da kuɗin da masu bi suke tarawa a majami'un Kanada da Amurka da Ingila da Ostareliya. Ƙungiyar da ta fi daɗewa a yankin, ta kuma fi barin tarihi, ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Idan aka auna ta da awon da ta zo da shi, wato yawan waɗanda suka karɓi bishara, ribarta kaɗan ce, domin har yau Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Amma a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji akwai wata shaida da ba a majami'a take ba, a gonakin gero take, kuma ita ce ke sa wannan tarihi ya cancanci nazari. Taimakon da ya fi ɗorewa cikin duk abin da mishan ta kawo shi ne wanda ya fi araha, wanda kuma ya kuɓuce daga hannunta ya zama na manoma.

An kafa SIM a 1893, lokacin da Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka sauka a Legas da niyyar kutsawa ƙasar Sudan ta Tsakiya. Gowans da Kent sun rasu a shekara mai zuwa, Bingham ya koma Kanada, sai a 1902 aka samu tashar farko a Pategi ta ƙasar Nupe. Daga Najeriya ne ƙungiyar ta tsallaka ƙasar Faransi, ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan kafin shekarun 1920 su ƙare ta zauna a Tsibiri, fadar Sarkin Gobir, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Harshen aikinta Hausa ne tun daga farko, kuma fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙarfafa wannan. Turawan mulki na Faransa ba su taɓa sakin jiki da 'yan mishan ɗin ba: Furotesta ne, masu jin Ingilishi, kuma shugabanninsu suna can ɓangaren Ingila. Dokar Faransa ta nemi makaranta ta kasance da Faransanci, su kuwa 'yan SIM ba su da ɗokin gina makarantun boko, don a aƙidarsu ta wancan zamani aikin gyaran duniya yana iya shagaltar da mutum daga ceton rai. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta wallafa littafi a kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna yadda wannan ɗari-ɗari ya bar masu bi na farko da karatun Hausa kaɗai, a ƙasar da Faransanci ne mabuɗin aikin gwamnati.

Magani ne ya fara sauya wannan matsayi, kuma buƙata ce ta tilasta. Mai wa'azi a bakin kasuwa ana iya wuce shi, amma mai wanke gyambo mutane ne ke neman sa. Aka buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan hanyar Ƙonni, aka buɗe asibitin kutare na Danja kudu da Maraɗi a 1956, wanda a 2012 aka ƙara masa cibiyar aikin yoyon fitsari. Aka yi makarantu a Tsibiri da Sura, da makarantar koyon noma ta Maza Tsaye, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye. Bayan samun 'yancin kai ikilisiyar 'yan ƙasa, EERN, ta tsaya da ƙafarta. Waɗannan ayyuka sun ceci rayuka, ba mai musun haka, sai dai dukansu iri ɗaya ne: gini ne da ma'aikata da magunguna da ake biya daga waje, kuma ranar da majami'un ƙetare suka gaji, aikin zai yi rauni.

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙarshen tsananinsa a 1973 da 1974, ya kashe dabbobi, ya karya noman gyaɗa wanda shi ne arzikin Maraɗi, ya kuma share wa Seyni Kountché hanyar kifar da Diori Hamani a watan Afirilu na 1974. Amma ba rashin ruwa kaɗai ya tsiraita gonaki ba. Shekaru da yawa malaman gona suna koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Dokar gandun daji, wadda ta samo tushe daga ta Faransa ta 1935 aka kuma sabunta ta a 1974, ta sa itatuwa masu daraja a hannun gwamnati, ta yadda ana iya cin manomi tara a kan reshen gawon da ya tsiro a gonar ubansa. Wanda ya san itace ba nasa ba ne, kuma zai iya jawo masa ma'aikacin gandun daji, hikimarsa ita ce ya sare shi tun yana ƙarami. Masu agaji, har da mishan, suka amsa da abin da suka sani: wuraren renon dashe, da dogon yaro da turare cikin ledoji, da shinge, da ban ruwa. Mafi yawan dashen ya mutu, wani awaki suka cinye, wani gara, wani kuma ba wanda ya ɗauke shi nasa balle ya kula da shi.

A wannan hali ne Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya iso Maraɗi a ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980, aka ɗora masa aikin dashen da ke ta faɗuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara, toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko lauje: manomi ya zaɓi kututture, ya bar 'yan rassa mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya riƙa gyara su shekara-shekara. Tun da saiwar ta riga ta kai ga damshi, sabara da kalgo da taramniya da magarya kan yi tsawon da dashe ba ya yi. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Mutum goma sha wani abu ne suka fara gwadawa, maƙwabta suna yi musu dariya, wasu ma suna bin dare suna sare musu itatuwan.

Gwajin da ya fi koyar da darasi ya zo da yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Shirin raya karkara na SIM a Maraɗi ya raba hatsi a ƙauyuka kusan ɗari bisa sharaɗin kowane mai karɓa ya bar itatuwa a gonarsa. An raya itace kimanin dubu ɗari biyar a hekta 12,500. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Mai neman hujjar cewa agaji ba ya sauya hali zai iya tsayawa a nan, kuma yana da rabin gaskiya: abin da aka saya da buhu, da buhu yake tafiya. Sauran rabin yana wajen waɗanda suka bar nasu. Cikin 'yan shekaru suka ga gero bai ragu ba, iska ta daina binne shuka har a sake shuka sau biyu ko uku, mata sun samu makamashi kusa da gida, dabbobi sun samu ganye da 'ya'yan gawo a tsakiyar rani, kuma ana sayar da itace a kasuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Daga nan abin ya yaɗu daga gona zuwa gona, ba hatsi, ba albashi. Hatsin 1984 bai sayi amincewar kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya sa mutane dubbai suka gwada abin da da ba za su kusance shi ba, gonar kuma ta yi sauran bayani.

A ƙasar Agye, wadda Gazawa take cikinta har zuwa 2011, labarin ya bar hannun mishan kusan gaba ɗaya. Shirin raya karkara da asusun IFAD na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyinsa a shekarun 1990, da wanda ya gaje shi, PPILDA, su suka ɗauki dabarar. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna saboda mutanensa sun gane cewa wuyar ba a datse reshe take ba, a tsare shi take. Suka kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa maza da mata da wakilan Fulani makiyaya, suka sa tara a kan mai sare itacen wani, suka nemi amincewar hakimai da ma'aikatan gandun daji. Dokar ƙasa ta biyo baya a hankali: taron Maraɗi kan kwararowar hamada a 1984, ƙa'idojin dokar karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, har zuwa dokar watan Yuli na 2020 wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka wallafa a 2009, bisa hotunan sama da na tauraron ɗan adam, ya ƙiyasta hekta miliyan biyar da itace miliyan ɗari biyu a jihohin Maraɗi da Damagaram, da ƙarin hatsi kimanin tan dubu ɗari biyar a shekara.

Akwai masu cewa an yi wa mishan kwalliya da kayan da ba nata ba. Manoman Hausa sun san gawo tun kafin a haifi Bingham, sarakunan Damagaram sun hana sare shi, kuma a ƙasar Magarya da Matamai itatuwa sun dawo ba tare da ɗan mishan ya taka wurin ba. Ruwan sama ma ya ɗan farfaɗo bayan tsakiyar shekarun 1980, gwamnati kuma ta yi rauni har ma'aikatan gandun daji suka rage sintiri. Duk wannan gaskiya ne, kuma labarin Bature guda da ya kore hamada, wanda jaridun Turai ke so, ba tarihi ba ne. Amma ruwa ya sauka a wuraren da itatuwa ba su dawo ba, kuma masu binciken sun lura cewa an fi samun su inda jama'a ta fi yawa, abin da ke nuna hannun mutum. Rabon mishan ƙarami ne amma takamaimai: ta daina dogaro ga dashe a lokacin da manyan masu ba da agaji ke zuba masa kuɗi, ta nemi jami'an gandun daji su sassauta tara a yankin aikinta, ta kuma zauna shekaru da yawa a wuri guda da harshen mutanen wurin. Wannan zaman na dogon lokaci gadon wa'azi ne, shirin shekara uku ba ya samar da shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi a ƙasar Musulmi: cewa agajin mishan ƙugiya ce, magani da hatsi kuma tana ne. Ba a ɓoye ba ne cewa SIM ta zo ne don bishara, ana wa'azi a harabar asibitocinta, kuma wasiƙun neman taimako da ake aikawa majami'un ƙetare suna haɗa jinya da ceton rai. Mai yunwa da marar lafiya ba su da cikakken zaɓi, don haka tambayar halal ce, kuma zaman ɗar-ɗar ɗin ya taɓa fashewa, kamar a tarzomar Maraɗi ta watan Nuwamba na 2000 da aka kai wa wata majami'a hari. Sai dai in ƙugiya ce, ba ta kama da yawa ba. Dubban da suka kwanta a Danja da Galmi sun koma gida da addininsu, manoman Agye da Cadawa da Gangara suna sassabin zamani suna zuwa masallaci. A sassabin zamani ma zargin ba shi da wurin tsayawa, don da rabon abinci ya ƙare babu abin da mishan ke riƙe da shi wanda za ta iya hana wani.

Suka ta uku ita ce talauci bai tafi ba. A 2005 jihar Maraɗi, mai itatuwan nan, ita ce cibiyar matsalar tamowa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu sittin a faɗin ƙasar, gwamnatin Mamadou Tandja tana musun akwai yunwa. Hatsi yana kasuwa a lokacin, kuɗin saye ne babu. Itace yana ba magidanci abin sayarwa kafin ya kai ga sayar da akuya ko jinginar da gona, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai ƙara faɗin gonar da ake rabawa tsakanin magada ba, a yankin da ke cikin mafi yawan haihuwa a duniya. Amfaninsa kuma yana bin mallakar ƙasa: mai gona babba ya fi samu, matar da ba ta da gamana sai ta roƙa ko ta saya, makiyayin da a da yake sassaƙo ganye inda ya ga dama yanzu yana iske kowane gawo da mai shi. Rinaudo ya bar Nijar a 1999 ya koma ƙungiyar agaji ta World Vision, wadda ta kai dabarar Humbo ta Habasha da wasu ƙasashe sama da ashirin, kuma a 2018 aka ba shi lambar Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa, rigimar da ta rage a kan wa ke da ikon sare wane reshe tana gaban masu gari da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta kafa.