Daga Bakin Maharbi zuwa Takarda: Tarihin Adana Labarin Namun Daji a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da masu riƙe da sanin namun daji, watau maharba da mafarauta. Sarkin Baka da mutanensa sun san mashayar gwanki da makwancin ɓauna, suna kuma rarrabe sawun damisa da na kura. Har dabara suka yi ta ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe, don su kusaci nama bai firgita ba. Manomi kuwa, da ya ga shamuwa ta sauka, ya san damina ta ƙarato. Sai dai duk wannan ilmi a ka yake, uba ya ba ɗa, ubangida ya ba yaro. Ba ya ɗauke da shekara ko adadi, in kuwa tsohon maharbi ya rasu bai bar magaji ba, to ya tafi da abinsa.

Rubuta labarin dabbobin ƙasar nan bi da bi ya kankama ne a zamanin mulkin mallaka. A tsakanin 1919 da 1920 wani Bature mai suna Angus Buchanan ya tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram har ƙasar Azbin, yana harbin tsuntsaye da ƙananan dabbobi yana jeme fatunsu. Kowace fata akan maƙala mata 'yar takarda mai nuna rana da wurin da aka same ta. An kai kayan gidan tarihi na Lord Rothschild da ke Tring a Ingila, a 1932 kuma aka sayar da mafi yawan tsuntsayen gidan ga wani gidan tarihi a birnin New York na Amurka. Ta haka shaidar abin da ke dazuzzukan ƙasar Hausa ta yi nisa da mutanen da suka nuna wa baƙo hanya, suka kuma ɗaukar masa kaya.

Daga nan aikin ya koma hannun ma'aikatan gwamnati masu sha'awar abin. A 1930 aka kafa ƙungiyar Nigerian Field Society, wadda mujallarta ta riƙa buga abin da jami'an gandun daji da malaman makaranta suka gani a wuraren aikinsu. David Bannerman ya haɗa irin waɗannan rahotanni a littafinsa na tsuntsayen Afirka ta Yamma, juzu'i 8, daga 1930 zuwa 1951. D. R. Rosevear shi ma ya fitar da jerin dabbobin Nijeriya masu shayarwa tare da taswirar mazauninsu a 1953. Duk da Turanci da Latinanci aka yi waɗannan ayyuka. Sunayen Hausa kuwa, babbar ma'ajiyarsu ita ce ƙamusun G. P. Bargery na 1934, inda kalmomi irin su mazo da kanki da tuje da kirinjijiya suka sami wurin zama.

Amfanin wannan rubuce-rubuce ya fito fili ne bayan daji ya fara ƙarewa. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, domin an lura manyan namun daji suna ja da baya. Tsofaffin littattafan nan su ne ma'aunin da ake gwada hasarar da shi. Gauraka, wadda a dā ake ganinta garke-garke a fadamun Arewa, yau da ƙyar ake samun wanda ya gan ta a dajin Nijeriya. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya ƙare a ko'ina sai a Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 waɗanda suka rage ba su wuce 50 ba. Ƙidayar da aka riƙa yi, ana ɗaukar hoton kowane ɗaya ana gane shi da zanen jikinsa, ita ta nuna girman haɗarin, ita ce kuma ta tabbatar daga baya cewa sun ƙaru har sun haura 600.

A wannan ƙarni, tattara bayanan ya dawo hannun 'yan ƙasa. An kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos a 2001, a ƙarƙashin Jami'ar Jos, a 2015 kuma ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida guda, ya yi aƙalla awa 2 yana dubawa, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani a wayarsa. Masana sukan tantace rahoton da ya saɓa wa abin da aka sani, sannan a sa shi a rumbun intanet da kowa zai iya dubawa. Ɗalibai da samari na jihohin Arewa suna cikin masu wannan aiki.

Da saura dai. Bayanin yanzu yana da rana da wuri da adadi, amma sunan da ke kansa na Turanci ne, alhali yaron birni na iya jin karin magana a kan gauraka ko burtu bai san kamanninsu ba. Tsofaffin maharba da suka san sunan kowane tsuntsu da halinsa suna ta raguwa. Ya kamata masu nazarin harshe su bi masu ƙidaya zuwa ƙauyuka, su rubuta sunan Hausa kusa da na kimiyya, tare da bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram, tun masu sanin suna raye.