Sauron Da Ya Hau Jirgin Ruwa: Daga Dakar Zuwa Birazil, Daga Indiya Zuwa Gombe

Yau tarihin sauro zan ba ku. Eh, sauro, kar ku yi dariya.

A watan Maris na 1930, wani masanin ƙwari ɗan Amurka, Raymond Shannon, yana duba wani ruwa da ya kwanta a garin Natal na ƙasar Birazil, sai ya ga tsutsar wani sauro da ba na nahiyar ba. Namu ne na Afirka, dangin gambiae, wanda ya fi kowane sauro iya yaɗa maleriya. Ta ina ya bi? A lokacin akwai jiragen ruwan Faransa masu gudu da ke kai wasiƙu daga Dakar zuwa Natal cikin 'yan kwanaki. A cikinsu ake kyautata zaton ya laɓe.

Shannon ya yi kashedi. Zazzaɓi ya ɓarke a Natal, aka ɗan yi aiki a cikin gari, da abin ya lafa sai kowa ya kama gabansa. Shi kuwa sauron bai koma ko'ina ba. Ya bi gaɓar teku da kwarin koguna a hankali, har ya shiga kwarin Jaguaribe a jihar Ceará. Shekara takwas yana yaɗuwa.

A 1938 abin ya fashe. Sama da mutum 100,000 suka kwanta, aƙalla 14,000 suka mutu. Wasu ƙauyukan kusan kowane gida akwai majinyaci, gonaki suka rasa masu girbi.

Sai a lokacin gwamnatin Getúlio Vargas ta farka. A farkon 1939 ta kafa hukuma ta musamman tare da Gidauniyar Rockefeller, aka ɗora Fred Soper a kai. Nan ne wajen da ya fi burge ni, domin babu DDT a hannunsu, balle kwamfuta. Ma'aikata kusan 4,000 aka ɗauka, aka yanka ƙasar gunduwa-gunduwa a taswira, kowane mutum da yankinsa. Duk mako sai ya zaga kowane kududdufi, kowace rijiya marar zurfi, ya barbaɗa wata hodar guba da ake kira Paris green. Ana feshi a ɗakuna, ana tare motoci da jiragen ƙasa a yi musu feshi kafin su wuce. Bayan mai aiki akwai mai duba shi, bayan mai duban ma akwai wani. Soper ba shi da wasa, wasu ma na ganin tsaurinsa ya yi yawa. Amma kafin ƙarshen 1940 an daina ganin sauron a Birazil. Da irinsa ya kutsa kudancin Masar a 1942, da wannan dabarar aka gama da shi a 1945.

To me ya kawo wannan labari yanzu? Saboda yau mu ne masu baƙon.

Akwai wani sauro, Anopheles stephensi, asalinsa Indiya da yankin Larabawa. A 2012 aka fara ganinsa a Jibuti, ƙasar da a lokacin take dab da rabuwa da maleriya. A shekarar mutum 27 kacal aka lissafa sun kamu. Zuwa 2020 sun haura 73,000. Ya shiga Habasha da Sudan da Somaliya, kuma a 2020 aka gano shi a jihar Gombe. Gana da Kenya sun biyo baya a 2022.

Sauron da muka saba da shi ɗan damina ne, ruwan sama da ya kwanta a fili yake so. Wannan kuwa ɗan birni ne. Tankin ruwa, duro, randa, rijiyar siminti ta wajen gini, tsohuwar taya, duk gidansa ne, don haka rani bai dame shi ba. A Dire Dawa ta Habasha, da rani maleriya ta ɓarke a 2022. Kuma yawancin magungunan feshi ba sa kashe shi yadda ya kamata.

Yanzu ku dubi unguwanninmu. Famfo ba ya zuwa, mai ruwa ne ke kawowa, kowane gida da durorinsa a cike, wani da murfi wani babu. Ni a ganina matsalar ruwan famfo da matsalar wannan sauro abu ɗaya ne, kuma duk ɗan takarar da zai zo raba gidan sauro ya kamata mu tambaye shi batun famfon.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. A rufe duro da tanki ruf, a riƙa juye randa ana wanke ta duk mako, a kife tayoyi da gwangwanaye. Ƙungiyoyin matasa na unguwa za su iya raba layi-layi kamar ma'aikatan Soper. Zazzaɓi kuma ko da rani ne, a je a yi gwaji kafin a sha magani.

Ku rubuto min a ƙasa yadda ake ajiye ruwa a unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.